Malami da Kayan Aikinsa: Tarihin Horar da Malamai Kan Kayan Koyarwa a Ƙasar Sakkwato

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1903, sa'ad da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, har zuwa yau, da wuya a sami wani zamani da ya wuce ba tare da an kawo wa makarantun ƙasar nan wani sabon kayan koyarwa ba, an kuma yi masa kirari cewa shi ne zai raba yara da jahilci. An kawo baƙin allo da alli, an kawo littattafan boko, sa'an nan majigi da rediyo da telebijin, daga baya kuma injunan koyon sana'a da kwamfuta, yau kuwa ga wayar hannu a aljihun kusan kowane malami. Daga cikin waɗannan kayayyaki akwai waɗanda suka zauna daram, har mutane suka manta da cewa baƙi ne. Akwai kuma waɗanda suka yi tsatsa a cikin akwatunan da aka kawo su, bayan an kashe dukiyar jama'a mai yawa wajen sayensu.

Manufar wannan lacca ita ce a waiwayi tarihin waɗannan kayayyaki a ƙasar Sakkwato da maƙwabtanta, a ga abin da ya sa waɗansu suka yi amfani, waɗansu kuwa suka zama asara. Abin da tarihin zai nuna shi ne, duk kayan da aka fara horar da malami a kansa, aka kuma riƙa bin malamin har ajinsa ana duba yadda yake aiki da shi, to ya karɓu. Wanda kuwa ya riga malami isa makaranta, ƙarshensa ɗakin ajiya. Maganar ta shafi ɗalibai, domin da yawansu aji za su shiga su koyar, ta kuma shafi ma'aikatan gwamnati, domin ta hannunsu ake tsara abin da za a saya da wanda za a horar.

Allo da Waƙa

Kafin zuwan boko, ƙasar Hausa tana da kayan koyarwarta, kuma babbansu shi ne allo. Idan an duba shi da idon mai nazarin ilmin koyarwa, za a ga allo ya cika sharuɗɗan da ake nema ga kowace na'ura ta makaranta. Masassaƙin gari ne ke sassaƙa shi daga itacen da ke kusa. Tawadarsa ta gawayi ce ko kunkunniya da ƙaro, alƙalaminsa kuwa na kara ne, wanda almajiri da kansa ke feƙewa. Idan an haddace abin da ke kansa, sai a wanke a sake rubuta wani, watau allo guda yana iya kai yaro tun daga babbaƙu da farfaru har zuwa sauka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda ake samun mai koyarwa da shi. Ƙolo yana zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi kuwa shi ke biya wa ƙanana karatu yana duba musu rubutu a gaban malam, malam na ji yana gyara masa. Kafin mutum ya kafa tasa makaranta, ya riga ya yi shekaru yana koyarwa da allo a ƙarƙashin idon wanda ya fi shi sani.

Shugabannin jihadi sun ƙara wani kayan aiki a kan wannan, watau waƙa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansu sun lura cewa mutanen karkara da ba su iya karatu ba suna iya riƙe ilmi idan an tsara shi cikin baitoci da harshensu, saboda haka suka yi ta wallafa waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, ban da na Larabci. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ce ta fi tsara yadda wannan kaya zai isa ga waɗanda aka yi dominsu. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka, ta koya musu waƙoƙin da ma'anarsu, ta naɗa kowace a matsayin jaji da malfa da jan ƙyalle, alamar an yarda da ita. Jajin ke komawa ƙauye ta koyar, sa'an nan ta jagoranci ayarin mata, waɗanda aka sani da 'Yan Taru, su zo wurin Nana su ƙaro karatu. Wannan zuwa da komowa shi ne asirin tsarin: mai koyarwa ba ta rabu da wadda ta horar da ita ba. Shi ya sa tsarin ya rayu shekaru masu yawa bayan rasuwar wadda ta kafa shi.

Baƙin Allo da Littafi

Makarantar boko ta zo da wani salo dabam. A makarantar allo kowane yaro da nasa karatu, yana tafiya gwargwadon ƙwaƙwalwarsa. Baƙin allo kuwa guda ne a jikin bango, yara talatin ko arba'in suna fuskantarsa, duka a kan darasi ɗaya cikin lokaci ƙayyadadde. Wannan ya wajabta wa malami koyon abubuwan da bai saba da su ba: shirya darasi a rubuce kafin shiga aji, bin jadawali, zana taswira, jefa tambaya ga aji duka, da auna wanda ya gane da wanda aka bari a baya.

Razdan Burdon ya buɗe 'yar ƙaramar makaranta a Sakkwato a 1905 domin 'ya'yan sarakuna, amma tushen tsarin ya kafu ne a Nasarawa ta Kano a 1909, a hannun Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa. Abin lura shi ne, Ɗan Hausa ya sa horon malamai a gaba. Ya tara mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na ilmi, ya koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa cikin harshen Hausa, sa'an nan aka rarraba su zuwa makarantun larduna. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, kuma ainihin aikinta shi ne horar da malamai. A can ne Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, ya komo ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato har 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Raɓa. A 1939 aka buɗe makarantar horar da malamai mata a Sakkwato, aka kuma sami ta maza a Maru, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya bar aikin gwamnati a 1950.

Littattafan da aka sa a hannun yara su ma daga hannun malamai suka fito. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta East ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma marubutansu, watau Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk malaman makaranta ne. Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, domin karatun aji aka rubuta shi. A nan Sakkwato, Shehu Shagari, wanda ya koyar da kimiyya a Midil, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 domin ya koya wa yara labarin ƙasa da tarihi, watau ya ɗauki dabarar magabata ya shigar da ita ajin boko. Daga baya shi ɗin ne ya zama malami mai zagayen duba makarantun Lardin Sakkwato. Aikin irin wannan malami shi ne ya sauka a makarantar ƙauye, ya zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya duba littafin shirin malami, wani lokaci ya karɓi alli ya nuna yadda ake yi.

Ba za a ɓoye aibin wannan zamani ba. Makarantun kaɗan ne ƙwarai, Turawa sun taƙaita su da gangan gwargwadon bukatar ofisoshin En'e, mafi yawan 'ya'yan talakawa, musamman mata, ba su taka ƙofarsu ba. Amma ta fuskar abin da ake magana a kai, tsarin ya bi ƙa'ida: malami tukuna, sa'an nan kayan aiki, sa'an nan mai bi yana dubawa. Saboda haka baƙin allo da littafi suka zama 'yan gida.

Majigi, Rediyo da Telebijin

Na'urar farko mai aiki da inji da ta shiga karkarar Arewa da sunan ilmantarwa ita ce majigi. Motar majigi takan sauka a ƙofar fada ko filin makaranta bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a nuna hotunan tsafta da noman gyaɗa da auduga da rigakafin cututtuka. Masu shirya waɗannan hotuna sun gane tun da wuri cewa hoto shi kaɗai ba ya isar da saƙo, dole sai da mai bayani, wanda ke tsaye da lasifika yana fassara abin da ake gani da Hausa, yana kawo misalai daga rayuwar masu kallo. In mai bayani gwani ne, mutane su tashi da ilmi, in kuwa ba gwani ba ne, su tashi da labarin abin dariya kawai. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa majigi da littattafan Hukumar NORLA cikin Yaƙi da Jahilci, kuma ƙashin bayan yaƙin shi ne ɗimbin malaman da aka ba gajeren horo domin su koyar da manya a zaurukan ƙauyuka.

Rediyo ya fara da akwatunan waya a Kano a 1944, sa'an nan aka kafa Gidan Rediyo da Telebijin na Kaduna a 1962. Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa tana da sashen shirya darussan makarantu da ake watsawa daga Kaduna. Darasin rediyo yana da sharuɗɗa masu tsanani. Sai takardar jagora ta isa hannun malami kafin ranar, sai jadawalin makaranta ya dace da lokacin watsawa, sai akwai batir mai rai, sa'an nan sai malami ya san aikinsa guda uku: ya shirya yara kafin a kunna, ya riƙa nuni da maimaitawa sa'ad da ake magana, ya kuma ɗora darasi bayan an kashe. Malamin da ba a koya masa wannan ba yakan ɗauki lokacin rediyo a matsayin lokacin hutunsa. Telebijin kuwa, a shekarun 1960, bai wuce kewayen Kaduna da Zariya da Kano ba. Sakkwato ba ta sami nata gidan telebijin ba sai a tsakiyar shekarun 1970.

Gwajin da ya fi shahara a kan koyarwa da telebijin a ƙasashen da ake jin Hausa an yi shi ne a maƙwabciya Jamhuriyar Nijar. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara watsa darussan firamare daga Yamai zuwa azuzuwa kimanin ashirin masu yara wajen 800. Waɗanda aka sa a azuzuwan samari ne da iyakar karatunsu firamare, aka ba su gajeren horo, aka riƙa aika musu jagorar kowane darasi, masu shirya darussan kuma suna bin azuzuwan suna ganin yadda yara ke karɓa, suna gyara shirin. Masanan da suka duba aikin sun yaba da yadda yaran suka iya magana da Faransanci da yadda suke son zuwa makaranta. Amma an gudanar da shirin a gefe guda, nesa da Ma'aikatar Ilmi da tsofaffin malamanta, waɗanda suka ɗauke shi tamkar kishiya. Ya daɗe bai faɗaɗa ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka bar shi, kayansa suka zama tushen gidan telebijin na ƙasa. Ƙasar Kwaddibuwa ta yi irin wannan a babban mataki daga 1971, ta kai telebijin makarantun firamare masu ɗimbin yawa, amma a 1982 aka soke shirin, bayan ƙorafin iyaye da malamai da nauyin kuɗin tafiyar da shi. Darasin ƙasashen biyu ɗaya ne: na'urar da aka kawo domin ta maye gurbin malami, malamai ba za su riƙe ta ba, kuma ran da mai ba da taimako ya janye hannu, babu mai tsaya mata.

Ilmi Kyauta da Injunan da Suka Kwana a Akwati

A Sakkwato ne, cikin watan Janairu na 1974, Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwar shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka kuma fara shi a watan Satumba na 1976 a zamanin Janar Obasanjo. An yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi: aka buɗe kwalejojin horon malamai da gaggawa, aka gajarta kwasa-kwasai, aka ɗauki waɗanda ba su da takardar koyarwa aka ba su aji. Domin a gyara wannan ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, wadda ke koyar da malamai ta hanyar littattafan karatu daga nesa suna bakin aikinsu, aka kuma kafa Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa a Kaduna a 1977 domin shirya darussan rediyo da telebijin da sauran kayan aji. A Sakkwato kuwa tun 1970 aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai, wadda daga baya aka sa wa suna Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari.

A cikin wannan zamani akwai aiki guda da ya cancanci a tuna da shi. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tare da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa guda shida, har da Jihar Arewa maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato. An rubuta sababbin darussa, an tanadi kayan aji masu sauƙin kuɗi, amma ginshiƙin shirin shi ne malamai masu yawon horarwa. Kowanensu yana da 'yan makarantun da yake zagayawa a kai a kai, yana kai kaya, yana koyar da darasi a gaban malamin aji, yana komowa ya ga ko an iya. A kwalejoji kuma aka shigo da dabarar ƙaramin darasi, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963: ɗalibin malanta ya koyar da mutum biyar ko shida na 'yan mintoci, a ɗauke shi a bidiyo in akwai, ya kalli kansa, a nuna masa kurakuransa, ya sake. An kuma koya wa ɗalibai ƙera kayan koyarwa daga kara da laka da kwali da murafen kwalba.

Sai dai abin da ya biyo baya ya saɓa wa wannan hikima. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda ya tanadi koyar da gabatarwar fasaha a ƙananan makarantun sakandare. Gwamnatin Tarayya ta sayo injunan sassaƙa da na ƙira da kayan lantarki daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu a faɗin ƙasa. A wurare da yawa kayan sun tarar babu ɗakin da za a girke su, babu wutar lantarki, babu kuma malamin da ya taɓa kunna irinsu. Aka jibge akwatunan a baranda ko a ofishin shugaban makaranta, ruwa da gara da ɓarayi suka raba su. Yawancin kwalejojin horar da malaman fasaha, irin ta mata da ke Gusau, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 suka samu, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya riga ya karya darajar Naira, kayan gyara suka gagari saye. An ɗauki shekaru yara suna haddace sunayen injuna daga baƙin allo, alhali injunan na kulle a ɗakin da ke maƙwabtaka da ajinsu.

Kwamfuta da Wayar Hannu

A 1988 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da ilmin kwamfuta, aka fara da waɗansu makarantun sakandarenta. Matsalolin da suka kashe injunan 1982 su ne suka tari kwamfuta: wuta, gyara, da malami. A ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na matakin farko, a nan Sakkwato kuma, dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya, da wani kaso domin ƙara wa malamai sani. Yawancin irin wannan horo ya ɗauki siffar taron bita na 'yan kwanaki, ta hanyar gangare: a horar da ƙwararru kaɗan a babban birni, su horar da waɗansu a jiha, waɗannan su horar da malamai a ƙaramar hukuma. Kamar ruwan da ake juyewa daga ƙwarya zuwa ƙwarya ne, kowane juyi sai an zubar da wani abu. Sau da yawa kuma abin da ake koyarwa shi ne sunayen sassan kwamfuta da yadda ake buga wasiƙa, a bar tambayar da ta fi damun malami, watau yadda zai koyar da kasafi ko auna fili ga yara tamanin da wannan na'ura gobe da safe.

Ƙasashen waje ma sun sha wannan darasi. Shirin ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007, ƙasar Peru ta rungume shi ta raba dubban ɗaruruwa. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma ba a ga ƙari a sakamakonsu na lissafi da harshe ba, domin yadda ake koyarwa a aji bai sake ba.

Akwai misali na kusa da ya bi ɗaya hanyar. Daga 2015 aka gudanar da shirin Mu Karanta a jihohin Sakkwato da Bauci da taimakon hukumar USAID ta Amurka, domin koya wa yaran aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa. An ba yaro littafi, an ba malami jagora mai bin darasi daki-daki, an horar da shi a kan jagorar, sa'an nan jami'an tallafa wa makarantu suna zuwa su zauna a aji, suna shigar da abin da suka gani cikin ƙaramar kwamfutar hannu, su tattauna da malami bayan darasi. A nan an sa na'urar a hannun mai horarwa, ta zama mai taimakon tsohon aikin nan na zagayen duba makarantu. Rauninsa shi ne dogaro da kuɗin waje, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID ɗungurungum.

Bukatar malamin da ya iya aiki da na'ura takan fito fili ne ran da hanyar zuwa aji ta yanke. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, mazauninta na dindindin yana ƙetaren gulbin Rima, kuma ta Kwalkwalawa ake bi a isa can. A damunar 2010 ambaliya ta cinye hanyar ta wajen Kwalkwalawa, aka raba jami'a da gari, karatu ya tsaya, ko da yake a lokacin wayar hannu, wadda ta shigo ƙasar a 2001, ta riga ta yawaita a hannun malamai da ɗalibai. Shekara goma bayan haka, a watan Maris na 2020, annobar korona ta rufe makarantun ƙasar baki ɗaya. Jihohin Arewa suka koma ga rediyo, tsohon abokin 1960, domin shi ne na'urar da ke kowane ƙauye, aka shiga neman malaman da suka iya shirya darasin da za a ji ba a gani ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka buɗe wani dandalin darussa na intanet domin yara da malamai. Tun 2015 kuma jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, watau yaron ƙauyen da malaminsa bai taɓa zaunar da shi gaban kwamfuta ba yana shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu a kansa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'idoji kaɗan waɗanda tarihin ƙasar nan da kansa ya tabbatar. Na farko, horo ya riga kaya isa, kuma wurin da ya kamata sabuwar na'ura ta fara sauka shi ne kwalejin ilmi da tsangayar ilmi ta jami'a, domin wanda aka koyar da baƙin allo kaɗai, da baƙin allo kaɗai zai koyar. Na biyu, a horar da malami a kan darasin da zai koyar, da harshen da yaransa ke ji, da irin na'urar da zai tarar a makarantarsa. Na uku, horon da ba a bi shi da ziyara ba yana gushewa cikin 'yan makonni. Jajin Nana Asma'u da malamin zagayen Lardin Sakkwato da malami mai yawon horarwa na shekarun 1970 duk aiki ɗaya suka yi, kuma a zamaninsu ne kayan koyarwa suka yi amfani. Na huɗu, a tambayi kowane kaya kafin a saya: wa zai gyara shi a Gwadabawa ko Isa ko Tambuwal, da wace wuta zai yi aiki, wa zai biya kuɗin intanet bayan shekarar farko?

Ga ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi, jarrabawar tana nan: kwamfuta ɗari da aka jera a ɗaki ana iya ɗaukar hotonsu ran bikin buɗewa, amma kuɗin man babur na jami'in da zai ziyarci malamai ashirin kowane wata ba ya fitowa a jarida, shi ne kuma ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci. Tarihin injunan 1982 ya isa ya nuna abin da irin wannan zaɓi ke jawowa. Ga ɗalibin da zai zama malami kuwa, wayar da ke hannunsa tana iya ɗaukar muryar mai karatu mai kyau, da taswirar gulbin Rima tun daga mafarinsa, da hoton zagayen jini a jikin mutum. Ya rage gare shi ya nemi sanin yadda zai mai da su darasi, kamar yadda gardi ya koyi feƙe alƙalami kafin a ba shi ƙolo ya biya masa.